Maganin da Mama ta jefa a rijiya

Ranar Asabar ta farko a hutun Kirsimeti, shekarar da nake aji huɗu, na dawo daga kasuwar Kafanchan da wani baƙin zobe da mai gyaran rediyo ya ciro daga tsohuwar sifika ya ba ni. Ya ce sunansa maganaɗisu. Aikina a ranar shi ne gadin cittar da aka shanya a tsakar gida, amma na ɓige a gindin mangwaro ina jan zoben cikin yashi, baƙin garin ƙarfe yana manne masa. Ƙusa, allura, murfin kwalba, duk sai da na gwada, har kaji suka barbaza cittar ban sani ba.

Mama ta dawo daga gona ta tarar da allurarta tana tsalle da kanta. Ta tambayi sunan abin, na faɗa. Hausar Mama ta kasuwa ce da ta coci, "magani" kawai kunnenta ya kama. "Mu masu bi ne, ba a shigo mini da magani gida," in ji ta. Ta ɗauke shi da ganye don kada ya taɓa hannunta, ta jefa a tsohuwar rijiyar da ke bayan rumbu. Na yi kuka, na yi bayani, ko ta kaina ba ta bi ba. Kallon tsoron da ta yi mini ya fi rashin zoben ciwo, kuma tun ranar nake so ta gane abin da nake yi.

Yau ina wani ɗakin bincike a ƙasar waje, gaban 'yar na'ura mai kama da murɗaɗɗen gammo. Muna zafafa iskar gas har ta zama filasma, wadda ba tukunyar da za ta jure zafinta, sai dai maganaɗisu ya riƙe ta a tsakiya kada ta taɓa bango. In ta zauna daram, wata rana a samu lantarki. Sai ta ɗan zauna, ta karkace, ta sulale, mu koma lissafi. Furfura ta fito mini a kan wannan, na gaji ƙwarai.

Mama ta tsufa, noma ma ta bar wa jikoki. Makon jiya na fara yi mata bayani a waya, ta katse ni. "Ni ban san aikinka ba, amma muryarka ta gaji. Ka zo ka ci tuwon acca."

Na ce sai mun gama gwaji. Ta ce to, za ta jira. Na kasa gaya mata cewa gwajin nan ba mai ƙarewa a zamaninta ba ne.