Jakar da ke gurgunta ran kasuwa

A gidanmu na cikin garin Daura, in an sauke tuwo ba a barin wutar murhu ta mutu. Iya, kakarmu ta wajen uba, takan jawo kujera ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta. Allah ya ba tsohuwar nan baki. In ta kwaikwayi muryar kura, sai ƙanena ya ɓuya a bayana. Ina sonta a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita ke tura itace. Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "'yar Sandamu". Inna na da wani ciwo da ba wanda ya gane kansa. Ƙafa ta mutu makonni, ko ido ɗaya ya dushe, ko ta tsaya da ludayi a hannu ta rasa sunan gishiri. Daga baya kuma abin ya lafa. Ba haka kawai yake lafawa ba. Na sha ganinta da asuba tana bin bango tana koyon taku kamar yarinya. Da hannun dama ya ƙi, ta koyi tuƙa tuwo da hagu. Da mantuwa ta dame ta, ta jera kayan miya a gefen murhu bi da bi, don kada ta tsallake ɗaya.

Tatsuniyar da Iya ta fi so ita ce ta wata jaka, macen jaki. Wai duk ranar kasuwa, da ta ga an ɗauko mangala, sai ta fara ɗingishi. Mai ita ya tausaya, ya ɗauki kayan a kansa. Da yamma in an zuba dusa, sai ga ta da gudu, ƙafa garau. Iya takan tashi ta yi ɗingishin, tana jan ƙafar hagu, wadda ita ce Inna ke ja. Yara su yi ta dariya. A ƙarshe mai jakar ya gane, ya kora ta inda ya sayo ta.

"Ƙurunƙus kan jaka," in ji Iya, tana kallon murhu. "Ciwon gaskiya ba ya zuwa ya koma. 'Yar Sandamu, ƙara mana itace."

Inna ta ƙara.

Babanmu fataucin shanu yake, yawanci yana hanyar Mashi. Abin da uwarsa ta faɗa masa in ya dawo, shi ya sani. Ina aji huɗu ya ce Inna ta je gida ta huta. Ranar tafiyar ƙafar ba ta da daɗi, amma ta ƙi a ɗauke ta a gabanmu. Ta cije, ta taka har bakin mota da kanta.

Iya ta ce, "Kun gani ko? An zuba dusa."

Ba a maido ta ba. A Sandamu ta rasu, a kwance.

Bayan na yi aure na haihu, idona na dama ya dushe, sannan ƙafa ta bi. Likitar da na gani a Kano ta ce sunan ciwon em-es. Ta ɗaga wayar cajarta ta nuna mini.

"Jijiya kamar wannan take, Hajiya, da roba a jikinta. Robar ce ciwon yake ci, sai saƙon ƙwaƙwalwa ya tarar hanya ta yanke. Amma ƙwaƙwalwa ba ta haƙura, sai ta ratse ta buɗe wata hanyar, musamman in mutum ya dage. Har ranar da hanyoyin suka ƙare."

Na ba ta labarin Inna. Ta ce ba za ta rantse ba, amma ya yi kama sosai.

Tun daga ranar nake jin haushin tatsuniyar nan, haushin da ba ni da inda zan kai shi, don Iya ta daɗe a ƙasa. Ashe duk takun da Inna ta koya a jikin bango, duk tuwon da ta tuƙa da hagu, shi ne shaidar da aka kama ta da ita. Yanzu ni ma in ƙafata ta dawo, sai in tsinci kaina ina rage sauri a gaban dangin mijina. Da Inna ta kwanta tun farko ta daina ƙoƙari, da a ɗakinta za ta mutu, muna kusa da ita.