Takalmin Inna da Tsinken Tsintsiya

Talata: Fagge zuwa Sabon Gari

Bayan sallar asuba Inna ta miƙo min ƙafarta, na karya tsinken tsintsiya daidai tsawonta, yadda muka saba awon takalmin Sallah a gidanmu. Inna mahaifiyata ce, kuma tana da ciwon suga. Bara sabon takalmi ya ci mata dunduniya a filin wasan yara, ciwon ya kwantar da ita wata biyu. Bana ta kafe sai ta koma ta ga jikokinta a kan lilo. Ni kuwa ba na so a maimaita na bara.

Ƙarfe takwas na hau adaidaita a bakin kasuwar Kwari, cunkoso ya riƙe mu minti ashirin a Titin Ibrahim Taiwo. Shago na uku da na shiga na wata Maman Ngozi ne, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Na miƙa mata tsinke, na yi bayani.

"Hajiya, yaushe kika auna?"

"Da asuba."

"To ba zan sayar miki ba. Ƙafar mai suga kumbura take da yamma. Kawo min Mama bayan la'asar."

Raina ya ɓaci, har na yi tsaki a waje. Ni da kuɗina a ce in koma?

Ƙarfe biyar muka dawo da Inna. Maman Ngozi ta durƙusa ta sa mata safar auduga marar ɗinki a bakin yatsu, sannan kambas mai faɗin kai, mai laushin ƙasa. Ta danna gabansa da babban yatsa ta ga akwai sarari. Na kara tsinkena a tafin ƙafar Inna, wallahi ya gaza.

"Mama, ki fara sa shi gobe, awa ɗaya kullum."

"Takalmin Sallah kafin Sallah? 'Yar nan, ai ya zama kwance."

"Uwata ma suga ne da ita, Mama. Yatsu biyu aka yanke mata."

Inna ta karɓi takalmin. Kwana huɗu tana zagaya tsakar gida da kambas, maƙwabta na yi mata tsiya wai ta shiga ƙwallo.

Washegarin Babbar Sallah: filin wasa

Mun tashi ƙarfe tara, ni da Inna da jikoki uku, muka isa goma saura kwata. Layin tikiti kaɗai ya ci rabin awa a tsaye. Daga lilo zuwa jirgin yara, daga nan zuwa motocin karo, Inna na biye da su tana ba da umarni. Da azahar na busar mata da ƙafa bayan alwala, na canza mata safa, kamar yadda Maman Ngozi ta ce. Muka ci gurasa da soyayyen nama a inuwa. Sai biyar da rabi muka fito.

Gida

Ana kiran magariba muka shigo Fagge. Na zaunar da Inna, na cire safar, na duba dunduniya da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ko ja babu. Alhamdulillahi, har hawaye na yi.

Inna ta ce, "Gobe ki kai wa yarinyar nan mai takalmi naman Sallah, ki zaɓo mai kyau. Ki ce na gode, kuma ina gaida uwarta."