Sunan da Ba Na Faɗa

Ɗan farina ne, kuma sunan surukina aka sa masa, to ta ina zan fara kiran sunan? Da laƙabi muke kiransa a gida. Yana wata bakwai na kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da mu a unguwar Nkembo. Matar da ke gaban kwamfuta ta tambayi suna, na ba ta laƙabin, ta rubuta. A zuwan nan aka ba shi wani maganin ruwa, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓansa suka kumbura. Likita ya ce kada a ƙara ba shi irinsa, ya buga a kwamfuta. Ni a aji huɗu na tsaya, Faransancina na cefane ne, ban riƙe sunan maganin ba. Abin da na riƙe shi ne wani jan layi da ke fitowa a saman allon duk lokacin da aka buɗe fayil ɗinsa.

Bana babansa ya yi masa katin inshora da sunan da ke kan takardar haihuwa. Da tari da zazzaɓi suka kama shi, na goya shi muka tafi da katin. Wata sabuwar likita ta duba shi, ta hau rubuta magani. Na leƙa allon. Fari fat.

"Madam, ina jan layin?" na ce da guntun Faransancina.

Ta ce mai sunan da ke kan katin ba shi da tarihi a wurinsu, yau ne zuwansa na farko. Na ce ni kam ba zan karɓi takardar maganin ba. Babansa yana wurin aiki a Akanda, wayarsa ba ta shiga.

Aka kira mai kula da kwamfutocin asibitin, wata mata mai tabarau, haifaffiyar nan amma iyayenta 'yan Damagaram ne. Ta kai ni ɗakinta, sanyi kamar cikin firji, ga akwatunan ƙarfe suna ta ƙifta korayen fitilu. Ta saurare ni har na gama, ta karɓi katin ta kife a kan tebur.

"Yara uku ne da wannan laƙabin a nan, ƙanwata," ta ce. "Ba ni lambar wayarki da watan da kika haihu."

Na ba ta. Ta buga, saura yaro ɗaya.

"To ki haɗa tsohon fayil ɗin da na katin mana, Anti, ai shi ne."

"Kati kowa na iya tsinta. Idan na manna tarihin ɗan wata a jikin naki, wa zai sha maganin? Kuma duk abin da na taɓa a nan da sunana yake shiga. Doka ita ce uwa ko uba su faɗi cikakken sunan da bakinsu, in duba ya yi daidai da na katin."

Na sunkuyar da kai.

"Ɗan fari ne ko?"

"Kuma mai sunan baban maigidana."

Ta yi dariya kaɗan. "Kunya biyu ke nan. Ni ma har yau 'waccan mai inji' uwata ke ce mini. Amma waɗannan akwatunan ba su san kunya ba." Ta tashi ta rufe ƙofa. "Daga ni sai ke. Surukinki ba ya cikin kwamfutar nan, na duba."

Zafin jikin yaron yana ratsa zanin goyon har bayana. Na faɗa. Muryata ta fita kamar ta wata, har sai da ta ce in maimaita. Shi ko motsi bai yi ba, bai san da shi ake ba.

Ta juyo katin ta duba, ta buga wasu lambobin sirri da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kare su, duk da ta san ba karantawa zan yi ba. Jan layin ya dawo.

Muka koma wurin likitar tare. Ta karanta, ta dubi takardar da ta rubuta ɗazu. Ta yaga ta, ta ce ɗaya daga cikin magungunan dangin wancan maganin ne. Ta rubuta wani.

A taksi ya yi barci a kafaɗata. Da babansa ya dawo na ba shi labarin jan layin da maganin. Ya ce to ta yaya suka gane shi ne? Na ce da lambar waya.