Ɗan Fari a Gaban Likita

Ɗana na fari a Fakku ya tashi, wurin uwar mijina. Haka ake yi a wurinmu, da an yaye ɗan fari sai kaka ta ɗauka. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, haka na tarar ana yi.

Can ya saba bin shanu, ido nan, kunne can, ƙafa ba ta tsayawa. Da ya isa shiga makaranta muka dawo da shi Tambuwal, inda nake aikin akawu a ƙaramar hukuma. Benci ya gagare shi. Ko akuya ta yi kuka a waje sai ya miƙe ya leƙa.

Malamar ajinsu ba ta daɗe da dawowa daga wani taron bita a Sakkwato ba, inda aka koya musu cewa rashin natsuwar yara ciwo ne. Tun daga nan kusan rabin ajin ya kamu. Ta ce ko mu kai shi asibiti, ko mu nema masa wata makaranta.

Babansa yana wurin aiki a Kebbe, ni na kai shi. Likitan matashi ne mai ladabi, bayanmu kuma layi har ƙofa. Ya tambaye ni ko yaron yana zama wuri ɗaya. Na ce a'a. Yana jin magana? Na sunkuyar da kai na ce ba ya ji. Akwai abin da yake yi da kyau? Na san yana gane kowace saniyar kakansa daga kukanta, na san shi ke lallashin ƙanwarsa ta yi barci. Amma uwa ba ta yabon ɗan fari, balle a gaban baƙo, yaron yana tsaye.

"Babu dai," na ce.

Ya rubuta magani.

Maganin ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Ya zauna. Rubutunsa ya miƙe, malama har saƙon godiya ta aiko. Tuwo ne ya rage ci. Ni ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Kowace safiya ina ba shi ƙwaya da ruwa, in ɗauki jakata.

Da hutu muka hau babur zuwa Fakku. Kakarsa ta tare mu a bakin zaure da wasan da suka saba.

"Ga miji nau! Ina cefane, malalaci?"

Da can sai ya ce ya sake ta, tsohuwa ce ba haƙora, ya fizge mata kallabi ya ruga. Ranar ya durƙusa ya gaishe ta, ya nemi gindin bango ya zauna. Shanu suka dawo da yamma, bai ɗaga kai ba.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, mi kunka yi mai?"

Na ce lafiya aka nema masa.

"Da ciwo garai?"

Na ce likita ya ce da shi. Ta gyara kallabinta da ba wanda ya taɓa.

Har yau ban sani ba ko yana da ciwon. Wataƙila yana da shi. Washegari da safe na ɓallo ƙwayar, na waiga in yi masa alama ya zo. Yana tsaye a bayana, ya riga ya buɗe baki.