Uwar Ɓeraye: Matar da Ta Auna Wahalar Shayarwa

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayiya, wadda abokan aikinta suka fi sani da laƙabin Uwar Ɓeraye, ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1959, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta ma'ajin rumbunan hatsi ne, mahaifiyarta kuma tela ce mai ɗinkin kayan makaranta. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma ita kaɗai ce a gidan ba ta ɗane kujera idan ɓera ya gifta. Tun tana shekara takwas takan bi mahaifinta wurin aiki ranar Asabar, ta tsuguna gaban tarkuna tana tambayarsa dalilin da ya sa matan ɓerayen da aka kama suka fi mazan rama.

Neman Ilimi

Ta shiga firamare a shekarar 1966, ta wuce sakandaren kwana a 1973, sannan ta sami gurbi a jami'a a 1979. Burin iyayenta shi ne ta zama likita, amma ta zaɓi nazarin dabbobi, al'amarin da ya sa mahaifinta ya yi mako guda yana amsa gaisuwarta a daƙile. Da ya huce ya ce mata, "Ni na ƙare ƙuruciyata ina kashe ɓeraye, ke kuma za ki je jami'a ki koyi gaishe su. To, Allah ya ba da sa'a." Ta kammala digirin farko a 1983, mahaifin bai ga na biyu da na uku ba, domin Allah ya yi masa rasuwa a shekarar da ta biyo.

Aiki da Aure

A 1985 ta kama aiki a wata cibiyar binciken namun daji, inda aka ba ta ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda. Shekara guda bayan haka ta auri wani malamin lissafi, mutum mai sanyin hali wanda ba ya iya taɓa ɓera ko da sanda, amma shi ya riƙa yi mata lissafin sakamakon bincikenta a kan teburin cin abinci. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1987 da 1996.

Babban Bincikenta

A damunar 1994 ta fara aikin da ya cinye sauran rayuwarta. Ta shata wani fili a dajin da ke bayan cibiyar, ta dasa tarkuna ɗari biyu irin na akwati, waɗanda ba sa kisa. Kullum da hantsi takan zaga su, ta auna nauyin duk macen ɓeran da ta shiga, ta sa mata lamba a kunne, ta ɗebi ɗigon jini, ta sake ta. Tambayarta guda ce: me ciki da shayarwa suke ci a jikin uwa? Tana zaton abu biyu. Na farko, garkuwar jikin mai shayarwa takan yi rauni, har ƙuma da tsutsar ciki su sami hanya. Na biyu, jikin da ke ƙona abinci da yawa don yin nono yakan tara wata irin ɓarna a jini, wadda takan kwatanta wa ɗalibanta da tsatsar da ke cin ƙarfe a hankali. Tabbatar da wannan na biyun yana bukatar tarin jini na shekaru, don haka ta riƙa adana shi a cikin wata babbar firiza. Zuwa 2003 ƙananan kwalaben sun haura dubu huɗu.

Shekarar Rashi

A watan Yuni na 2003 ciwon ƙoda ya kwantar da maigidanta, ta tare a asibiti tana jinyarsa kwana goma sha tara. A cikin waɗannan kwanaki wutar cibiyar ta lalace, janareta kuma ya ƙi tashi. Dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje ya yi kwana uku yana jigilar ƙanƙara daga wurin masu sayar da kifi, amma a rana ta huɗu jinin ya narke ya ɓaci. Maigidan ya rasu ranar 2 ga watan Yuli, ya bar ta da yara huɗu, ƙaramar tana shekara bakwai.

Ba wanda ya iya gaya mata labarin jinin. Sai a watan Nuwamba, ranar da ta koma aiki, ta buɗe firizar ta same ta wayam, an wanke ta tas. Dattijon yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce, "Dakta, sau uku ina zuwa gidanki da maganar a bakina, in na ga yaran sai in haɗiye ta." Sannan ya kwashe labarin duka ya gaya mata. Ta daɗe riƙe da murfin kafin ta rufe shi. Ta ce, "Baba, ashe ka yi ta ɗaukar ƙanƙara a ka. Na gode." Daga nan ta zauna a kan kujerar aiki har aka tashi.

Sake Farawa

A damunar 2004, tana da shekara arba'in da biyar, ta sake dasa tarkunan daga farko. Lissafin da maigidanta ya saba yi mata, dole ta zauna ta koya daga tsofaffin takardunsa, kuma 'ya'yanta sun shaida cewa takan yi sa'a guda a kan shafi ɗaya ba don wuyar lissafin ba. A 2009 aka yanka rabin filin aka ba masu gina gidaje, ta ci gaba da abin da ya rage har zuwa 2011.

Sakamakon bai zo yadda ta so ba. Raunin garkuwar jiki ya bayyana ƙarara a matan da suka shayar da 'ya'ya da yawa, kuma kaɗan daga cikinsu ne suka ga damuna ta gaba. Amma tsatsar jinin, wadda ta yi shekara goma sha bakwai tana koyar da ita, ba ta sami hujjarta ba. Wasu abokan aiki suka ba ta shawarar ta bar wannan ɓangaren, ta buga mai daɗin ji kawai. Ta amsa da cewa ɓerayen ba su halarci laccarta ba, don haka ba za ta yi musu ƙarya ba. Mujallu biyu suka mayar mata da takardar.

Ƙarshen Rayuwa

Ciwon sukari da ta daɗe tana fama da shi ya taɓa idanunta a 2013, ta yi ritaya a shekarar da ta biyo. Sa'ad da mujalla ta uku ta buga takardar a watan Fabrairu na 2016, ba ta iya bambance baƙi da fari a kan shafi. Autarta ce ta zauna a gefen gado ta karanta mata. Da aka zo wurin adadin matan da aka bibiya, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Auta, sake karanta nan." Yarinyar ta ce, "Ɗari takwas da goma sha biyu, Umma." Ta ce, "Sha uku ne. Akwai wata mai guntuwar wutsiya, ta haihu sau biyar, ba za a bar ta a baya ba." Aka duba littattafan aikinta, aka tarar gaskiyarta ce, autar ta rubuta wa mujallar wasiƙa.

Rasuwa

Allah ya karɓi ranta ranar Laraba, 11 ga watan Mayu na 2016, tana da shekara hamsin da bakwai. An yi mata salla a ƙofar gidanta bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar da maigidanta yake, ko da yake ba a sami wuri kusa da shi ba. Gyaran adadin ya fito a mujallar cikin watan Agusta, layi biyu a ƙasan shafin ƙarshe.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babban injiniyan ruwa ne, mai bi masa ungozoma ce, na uku malamin lissafi ne, sai auta, wadda a lokacin take ajin ƙarshe a jami'a, da jikoki biyar. Allah ya haskaka kabarinta, ya hutar da ita.