Galan Ɗin Fetur da Na Kai wa Kawu a Landan

Asubar fari muka kama hanyar filin jirgin Kano, mu uku. Kuɗin mai ya shigo, ma'aikatarmu ta sayi sababbin injinan wuta, aka tura mu Landan mu koyi sarrafa su. Ni ne mai kula da inji, kuma ni kaɗai ne ba na jin Turanci. Na dai tafi da fensir da littafina na ajin yaƙi da jahilci.

Sanyi ne ya fara tarbar mu. Sai abin mamaki: ashe a Landan ma ana ɗauke wuta! Masu haƙar kwal na yajin aiki, kantuna na kunna kyandir. Abinci kuwa dankali safe, dankali yamma, ba yaji.

Ranar Asabar na ce zan gaida Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi aikin jirgin ruwa har tsufa ya same shi a can. Yana zaune a wani gidan tsofaffi a unguwar Thamesmead, kuma ya taɓa rubuto mana cewa in wuta ta tafi, inji suke tayarwa. Na ce a raina, wanda ya fito daga ƙasar mai ai ba zai shiga da goro kaɗai ba. Ni da ɗaya daga cikin abokan tafiyata muka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Abbey Wood. A can na sayi galan na ƙarfe, aka cika min fetur, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin dogayen gidajen siminti masu kama da juna.

Kawu ya rungume ni yana hawaye. Da ya ga galan sai hawayen suka tsaya.

"Kai Sule, ka kashe ni! Wancan watan suka kama ni da risho. Matar da ke kula da mu ta ce in na ƙara, sai dai in nemi wani wurin. Tura shi ƙarƙashin gado, maza!"

Na tura. Amma akwai abin ɗumama ɗaki daf da gadon, ga warin fetur ya fara tashi. Ana haka aka buga ƙararrawar abinci, na riƙo hannunsa muka fito. Daga ɗakinsa zuwa ƙofar fita taku arba'in ne a wurina, amma sau uku yana tsayawa ya huta. A bayanmu wata tsohuwa tana jan ƙafa da sanda biyu. Na tambayi kaina: in wuta ta tashi, wa zai yi gudu a nan?

Na koma na ɗauko galan. Kawu yana ta "Sule! Ɗan nan!", ni kuwa na wuce ofishin matar. Na ce wa abokina ya gaya mata ni na kawo, Kawu bai ma san da zuwana ba.

Ta dube ni, ta dubi galan. Sannan ta karɓa, ta ce in biyo ta. Injin yana can bayan gida a ɗakinsa na bulo, nesa da inda mutane ke kwana. Ashe ma man gas yake sha, wato dizal, ba fetur ba! Tankin man yana gefe, an kewaye shi da guntun bango, ko ya yoyo ba zai malala ba. Ga bokitin yashi, ga tukunyar kashe wuta. Ba a shan taba a wurin, ba a ɗura mai inji na aiki, kuma ko cokali ɗaya na mai ba ya shiga ɗakin kwana. Abokina yana fassara, ina rubutawa a hankali, ita kuma tana jira har in gama kowane layi.

Ta ce ba za a kori Kawu ba, yana nan a ɗakinsa. Fetur ɗin kuwa motar gidan ta shanye. Da muna sallama Kawu ya ce, "Wani zuwan, kilishi ya isa."

Bayan mako uku muka sauka Kano lafiya. Tafiyar ta koya min cewa ba a auna nisan ƙofa da ƙafar mai ƙarfi. Kafin in kwance kaya na shiga ɗakin Inna mahaifiyata, na jawo jarkar kananzir da ta shekara biyu a bayan gadonta.

"Ina za ka kai min?" in ji ta.

Na ce, "Inna, taso mu taka zuwa zaure tukuna, in ƙirga."