Ranar da Na Zubar da Burukutun Maiɗakina

Ya Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni dattijo ne mai shekaru sittin da 'yan kai, injiniya da ya ajiye aiki, mazaunin Birmingham, kuma dattijon coci wanda ba a saba yi wa gyara ba. Na ɗauka babu wani abu a cikin gidana da ya fi ƙarfin sanina.

Ɗanmu na fari ya nemi auren wata yarinya wadda iyayenta ke Ardwick a Manchester. Kakanta ya aiko mana cewa bisa al'adar garinsu ba a buɗe zancen aure sai dangin ango sun ajiye ƙwaryar burukutun da aka dafa a gidansu. Maiɗakina ba ta taɓa dafawa da hannunta ba, kallon mahaifiyarta kawai ta yi tana ƙarama. Sai dai a ƙasan akwatinta akwai wani ƙulli na busasshen ragowar gindin tukunya, wanda marigayiyar ta ba ta a ganinsu na ƙarshe. Iri take kiransa, domin shi ake zubawa giya ta tashi. Ta sayo jar dawa a wani shago a Lozells, ta jiƙa, ta bari ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace. Da ya huce a cikin wani bokiti ta juye irin nan gaba ɗaya a ciki, ta rufe da tsumma, ta ajiye kusa da hita saboda sanyin ƙasar nan.

Kwana biyu bokitin bai motsa ba, ina ta yi mata ba'a. A rana ta uku, tana wurin aiki a asibiti, na shiga ɗakin girki na tarar da kumfa mai ruwan ƙasa ta ɗaga tsumman tana gangarowa, abin yana ƙara kamar tukunya a kan wuta alhali babu wuta, tsami ya cika gidan. Nan take na yanke hukunci cewa ya ruɓe. Na tsorata kada mu kai wa surukai guba, na kuma ji kunyar kada maƙwabta su ji wari daga gidan dattijon coci. Waya tana aljihuna, ban kira ta ba. Na tuttular da shi duka, na wanke bokitin fes, har ina jin na yi abin kirki.

Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna, ta ce mini kumfar nan da ƙarar nan su ne alamar da mahaifiyarta ta ce a jira, wato giyar ta rayu. Ta ce kwana biyu ta yi tana addu'ar jin wannan ƙara, ni na ji, ita ba ta ji ba.

Muka tafi Manchester da kunun zaƙi. Na durƙusa a gaban tsohon na faɗi laifina da bakina. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wai injiniya guda ya ga abu yana aiki sai ya kashe shi. Ya karɓi kunun saboda darajar maiɗakina, aka yi aure lafiya. Daga baya ta sake gwadawa da yis na kanti, ya tashi, ta ɗanɗana ta ce ba shi ba ne.

Ina jan kunnen masu fara wannan dahuwa, da waɗanda ke zaune tare da su: kumfa, ƙara da ɗan tsami ba ɓaci ba ne, shirun kwana biyu kuma ba mutuwa ba ce. Abin da ba ka sani ba, ka tambayi mai shi kafin ka sa hannu. Ta yafe mini tuni. Amma tsumman ƙullin nan yana nan a ƙasan akwatinta, a wanke, a ninke, babu komai a ciki.